Waɗanda Littafin Likita Ya Ce Sun Warke

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗaukewa ba. Mu huɗu ne a cikin Landirobar asibiti: direba, da wani likitan fiɗa, da malamar jinya da ke aiki tare da shi, sai ni da akwatin naɗar magana a kan cinyata. Masu sauraren shirin lafiya da nake gabatarwa a rediyo za su tuna na yi alkawarin kawo musu muryoyin mutanen da aka yi wa aiki a ka, suka tashi. Shirin bai fito ba. Ga abin da ya faru a tafiyar, yadda ya faru.

Bari in fara da bayanin aikin likitan. Akwai ciwon da jijiyar jini ke fashewa a cikin ƙwaƙwalwa, yawanci ga masu hawan jini. Mutum yana zaune lafiya sai ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Jinin da ya zuba yakan daskare ya danne ƙwaƙwalwa. Hanyar da aka saba ita ce a yanke ƙashin kai a ɗaga shi kamar murfin tukunya, a kwashe gudan jinin, a mayar. Likitanmu yana ganin wannan aikin shi kansa yana ƙara wa ƙwaƙwalwa rauni. Shi so yake a huda 'yar ƙofa wadda faɗinta bai wuce kwabo ba, a zura siririn bututu a zuƙe jinin. Manyansa suka ce masa ra'ayi daban, hujja daban.

Don haka ya yi shekara uku yana tara hujja. Duk wanda aka kawo, in danginsa sun yarda, sai a zari ambulan ɗaya daga cikin wasu rufaffu, abin da aka tarar a ciki shi za a yi, ko huda ko buɗewa. An yi haka ne don kada son zuciya ya sa likita ya riƙa zaɓar wa hanyarsa masu sauƙin ciwo. Wanda aka sallama sai a ba shi kati mai jan layi, a ce ya dawo bayan wata uku, ya sake dawowa bayan wata shida. Wani ma'aikaci ne yake duba masu dawowar, ya rubuta halin da suke ciki a wani babban littafi. Littafin ya nuna masu huda sun fi tashi. An gama buga rahoto, ranar Litinin likita zai gabatar da shi gaban manyan likitoci, in sun amince, huda za ta zama hanyar da za a bi da duk wanda aka kawo. Da na nemi ya haɗa ni da waɗanda suka warke, sai ya ce shi ma bai taɓa ganinsu a gidajensu ba. Ya zaɓi sunaye uku daga kudancin ƙasar Katsina, dukansu littafi ya ce sun dawo da ƙafarsu.

Hanyar Funtuwa ta sha sabuwar kwalta, kuma kowa yana gudu a kanta kamar an ce gobe za a naɗe ta. Manyan motocin siminti ne suka fi yawa, sai ƙananan motoci masu sheƙi waɗanda ba a ko cire ledar kujerunsu ba. A gefen hanya kuma ga gawarwakin 'yan uwansu, wata a kife, wata ta rungumi bishiya. Direbanmu yana wucewa yana yi mana bayanin kowace ɗaya, kamar mai nuna gidajen dangi. Mun karya kumallo a Funtuwa wajen wani mai shayi. Da direba ya yi ƙorafin ƙwai ya ninka kuɗinsa, mai shayin ya ce tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi hatta kaji sun ji labari. Likita ya yi dariya ƙwarai. Na ambaci wannan ne saboda ban sake jin dariyarsa ba sai a rana ta uku.

A Sheme muka bar kwalta muka kama hanyar Ƙanƙara. Jar ƙasa ce, ruwa ya jiƙa ta, mota tana tafiya tana rausaya. Damina ta yi kyau. Dawa ta fi mutum tsawo, auduga ta fara fure, mata a bakin hanya suna gasa masara. Kusan kowane mai keke da muka wuce da rediyo rataye a wuyan kekensa.

Mun isa Mabai da hantsi. Muka fara gaida mai gari, ya sa aka raka mu gidan Malam Isiyaku, suna na farko a takardarmu, manomi, wanda aka yi wa huda. Wani dattijo mai rawani ya tare mu a zaure da fara'a, ya ce shi ne Malam Haruna, ƙanen mai gidan. Da ya ji muryata ya gane ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi da ya zaci na fi haka tsawo. Aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, muka sha. Na haɗa akwatina na kunna. Likita ya tambaya ko Malam Isiyaku yana gona ne. Malam Haruna ya ce a'a, yana ciki, mu shigo.

Ɗakin a share yake, ba wari ko kaɗan. A kan gadon kara wani mutum yana kwance, an tokare bayansa da matashi. Hannunsa na dama a naɗe yake a ƙirjinsa, yatsun sun dunƙule. Ƙafar dama ta rame ta koma kamar sanda. Likita ya gaishe shi, ya motsa baki, sauti ya fito amma ba kalma. Idanunsa kuwa suna bin kowa, ya san abin da ake ciki sarai.

Likita ya tsaya ya dubi takardar da ke hannunsa, ya dubi mutumin, ya sake duban takardar. Ya tambaya ko akwai wani Isiyaku a gidan. Aka ce babu. Ya nemi izini ya ɗaga hular mara lafiyar, ya laluba da ɗan yatsa, ya sami tabon, ɗan ƙarami, zagayayye. Aikinsa ne. Ya tambayi yaushe jikin ya koma haka, ko sabuwar faɗuwa ya yi. Malam Haruna ya ce ai tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti haka yake, bai taɓa taka ƙasa ba.

Likita ya ce, a hankali, littafi ya nuna ya je asibiti sau biyu da ƙafarsa.

"Ai ni na je, Likita," in ji Malam Haruna. "Sau biyun duka. Ya za a yi in ɗora wanga bawan Allah bisa akori-kura, hanya na jijjiga shi? In an kira mutum bai iya zuwa, ai ƙanenshi ke zuwa mashi. Ko hakimi ya yi kira haka ake yi."

Ya ci gaba da ba mu labari, yana jin daɗin an zo an tambaye shi. Ya bar noma, ya kwana a tasha, ya miƙa kati, aka kira sunan yayansa ya amsa. Malamin asibitin ya ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga. Ya ce ya tafi bango ya dawo, ya tafi ya dawo. Ya ce ya faɗi sunan garinsu, ya faɗa.

"Har ya ce mani, Baba, ka ji sauƙi ƙwarai. Na ce mashi alhamdu lillahi, don ni dai lafiyata lau."

Malamar jinya ta tambaye shi ko an duba kansa. Ya taɓa rawaninsa, ya dube ta da mamaki, ya ce wa zai ce masa ya warware rawani a tsakiyar mutane, ga mata zaune a benci? Ta ce ko an tambaye shi shi ne mai ciwon? Ya ce ba wanda ya tambaya, da an tambaya da ya faɗa, me zai ɓoye?

Ta fito da abin awon jini ta ɗaura wa Malam Isiyaku. Da ta gama ta juya abin ta nuna wa likita yadda jinin ya hau. Sai ta nemi a kawo maganin da yake sha. Aka kawo. Nan muka gane sauran lamarin. A zuwan farko an auna jinin Malam Haruna aka ga daidai yake, aka rage ƙwayar. A zuwa na biyu aka sake aunawa aka sake ragewa. Wata da watanni mai hawan jini yana shan maganin da aka tsara bisa jinin mai lafiya. Na daɗe ina aikin labarai, na je wuraren haɗari da gobara, amma ban taɓa jin tsoro irin wanda na ji a ɗakin nan mai tsabta ba.

Likita ya gyara maganin daga abin da muka zo da shi, ya koya wa matar gidan yadda za ta riƙa miƙe hannun da ƙafar safe da yamma, ya yaba mata don bai ga gyambo ko ɗaya a bayansa ba. Da za mu fita Malam Isiyaku ya kama hannun likita da hannunsa na hagu ya riƙe. Malam Haruna ya raka mu har mota da damin masara, yana tambaya ko akwai zuwa na uku, don ya shirya tun da wuri.

A Ƙanƙara muka ci tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa wajen wata mai abinci kusa da tasha. Mu uku muka ci, likita ya sha ruwa kawai. Malamar jinya ta ce kada a ɗora wa ma'aikacin laifi duka, ita ma da aka haifa a wannan yanki ba ta jin bakinta zai iya cewa sa'an mahaifinta ya cire rawani. Likita ya ce mutum ɗaya ne, kowane littafi yana da kuskure ɗaya. Muka kwana a gidan baƙi.

Kashegari muka koma ta Sheme muka nufi Yankara, muka tarar kasuwa tana ci. Kasuwar hatsi da dabbobi ce tun asali, amma yanzu rumfunan rediyo da agogo da kwanonin tangaran sun kusa cinye layin masu ƙwarya. Na ga buhunan shinkafar ƙasar waje an jera su a garin da fadamarsa ke cike da shinkafa. Wani dillalin hatsi ya gaya min samari sun tafi birni leburanci, mai gona yana neman 'yan ƙwadago da kuɗi a hannu bai samu. Muka sayi tsire da rogo da ƙuli, direba ya sayi tocila wadda ta mutu kafin mu kai Faskari.

Faskari tana zaune a gindin duwatsu, kuma a wannan lokaci na shekara duwatsun kore ne shar. Suna na biyu na wata mata ne, Malama Rabi, matar wani Alhaji mai sayar da hatsi. Ita buɗewa aka yi mata. Littafi ya ce ta dawo sau biyu, tana tafiya tana magana, sai dai a zuwa na biyu ta yi kukan ciwon baya. Alhajin ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, malamar jinya ta yi sallama ta shiga cikin gida. Ba ta yi minti biyar ba ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce wa likita a yi wa Alhaji ta'aziyya.

Malama Rabi ta rasu mako uku bayan an dawo da ita gida. Ba ta ko kai lokacin komawar farko ba.

Muka yi addu'a, muka shafa. Likita ya bari aka ɗan natsa, sannan ya tambayi katin. Fuskar Alhaji ta saki. Ya ce ai katin nan ya yi albarka. Tun suna jinya ya lura duk mai kati mai jan layi ba ya bin dogon layi, ana ganinsa za a ce ya wuce ciki, alhali talaka mai farin kati sai ya yi kwana biyu a ƙofar asibiti bai ga likita ba. Da Allah Ya yi mata rasuwa, ya rasa abin da zai yi mata wanda ya fi wannan.

"Na kai ma liman, na ce duk macen da za ta asibitin birni a ba ta. Sadaka ce, Allah Shi kai ladan kabarinta."

Ya shiga lissafa mana waɗanda suka amfana: matar wani maƙeri mai ciwon ido, wata tsohuwa mai ciwon baya, wata mai ciki da ƙafarta ta kumbura. Kowace aka kira Rabi sai ta amsa, don an gaya mata sunan da ke kan katin ke nan. Ba wadda aka ce ta cire ɗankwali. Waɗanda zuwansu ya faɗo kusa da lokacin da aka ɗiba, su ne suka shiga littafi.

Likita ya ce ko zai iya ganin katin. Alhaji ya ba da haƙuri, ya ce ba ya gari, shekaranjiya wata ta tafi da shi. Wato a ranar da muke zaune a zauren nan muna yi wa mijinta ta'aziyya, mai yiwuwa Malama Rabi tana can a benci a asibitinmu tana jiran a kira ta.

Na dubi likita. Ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga, ya goge, ya sake gogewa. Bai gaya wa Alhaji ya yi kuskure ba. Ya yi masa godiya, ya roƙe shi in katin ya dawo a ajiye shi, ya yi alkawarin rubuta wa liman wata takarda da za ta sauƙaƙa wa matan garin ganin likita da sunansu na gaskiya.

Suna na uku yana wani ƙauye bayan Faskari, amma rafin da ke tsakani ya kawo, ya shafe mashigi. Muka tsaya a bakinsa muna kallon ruwa yana wucewa da karan dawa. Direba ya ce shi dai ba zai shiga ba ko an ba shi motar kyauta. A nan likita ya buɗe jakarsa ya fito da wata takarda dabam, ta waɗanda aka sallama ba su taɓa dawowa ba. Ya ce waɗannan duka ya lissafa su cikin waɗanda ba su tashi ba, don a ganinsa mai rai da lafiya ba zai ƙi dawowa ba. Ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a kan wani Nomau da aka rubuta yana kusa da Sabuwa. Ya ce gobe can za mu.

Mun kwana a Funtuwa, da safe muka bi ta Dandume. Ƙasar nan baƙa ce mai danƙo, ga rake ga itatuwa, kuma hanyar ba ta ji labarin arzikin man fetur ba. Sau biyu muna kafewa. A karo na biyu wasu manoma suka bar aikinsu suka tura mu, suka ƙi karɓar komai sai sigarin direba. A Sabuwa aka kwatanta mana wata unguwar Maguzawa, tafiyar rabin sa'a a ƙasa. Muka bar mota muka taka, malamar jinya riƙe da takalmanta a hannu.

Unguwar gidaje kaɗan ne da manyan rumbuna, mata da maza duk suna gona. Muka tambayi wata tsohuwa gidan marigayi Nomau. Ta ce wane marigayi? Ta nuna mana wani ƙaton mutum a cikin dawa, ba riga, yana sunkuye da hauya.

Shi ba mu sha wahalar neman tabo ba, don kansa a aske yake, ba hula. Tabon ya taso daga gaban kunne ya yi baka ya sauka a ƙeya. Buɗewa aka yi masa, hanyar da likitanmu ya yi shekara uku yana neman a bari. Yana ɗan jan ƙafa ɗaya, maganarsa tana da nauyi kaɗan, amma da ya kama hannun likita ya matse sai da likita ya yamutsa fuska. Ya gane shi nan take, ya kira matansa da 'ya'yansa su zo su ga mutumin da ya buɗe masa kai. Da aka tambaye shi dalilin da bai koma ba, sai ya yi kamar bai fahimci tambayar ba.

"Na warke, Likita. In koma in yi mi? In tare ma marasa lafiya wuri?"

Ya ce amma bai manta alheri ba, ya ba wani direban mota zakara ya kai masa, yana fatan ya isa. Likita ya ce bai isa ba. Nomau ya zagi wancan direban da uwarsa, ya sa aka kamo wani zakaran. A nan ne likita ya yi dariya, doguwa, har ya zauna a kan kunya yana share ido. Ni dai ban ji daɗin sautinta ba. Da ya natsu ya auna jinin Nomau, ya tarar shi ma yana bukatar magani, ya ba shi, ya yi masa bayanin cewa ciwon nan ba ya sallama don mutum ya ji ƙarfi.

A hanyar dawowa zakaran ne kawai ke magana har muka wuce Dandume. Sannan likita ya fara tunani da ƙarfi, ba tare da ya dubi kowa ba. Ya ce mutum uku muka gani. Na farko littafi ya ba huda nasarar da ba ta samu ba. Ta biyu littafi ya ba buɗewa ran da ba ta ceta ba. Na uku littafi ya kashe shi alhali yana noma. Ya ce mai yiwuwa kurakuran sun cinye juna, abin da rahoto ya faɗa ya zama gaskiya duk da haka. Ya ce har yanzu zuciyarsa tana gaya masa huda ta fi, kuma duk watan da aka jinkirta, akwai wanda za a buɗe wa kai alhali da an huda da ya fi masa.

Direba, wanda ya daɗe da likita kuma yana ƙaunarsa, ya ce shekara uku ba wasa ba ce, kuma mu huɗu ne kawai muka gani. Da ya faɗi haka ya dubi akwatina ta madubi. Na ce faifan na gidan rediyo ne, amma ba zan sa komai a iska ba sai likita ya yanke shawara. Ban san abin da zan yi ba in ya yanke ta ɗaya hanyar, kuma na gode wa Allah da ba a kai ni nan ba. Malamar jinya ta ce ita abu ɗaya ke damunta: mutum nawa ne a cikin littafin nan suke kwance yanzu suna shan maganin da aka auna a jikin ƙannensu?

Likita ya mayar da takardunsa cikin jaka. Da muka iso birni da la'asar, direba ya fara sauke shi. Na leƙa ta taga na tambaye shi abin da zai gaya musu ranar Litinin.

"Zan ce musu ban sani ba."

Ya ɗauki jakarsa da zakaransa ya shiga gida.

Ban halarci taron ba, malamar jinya ce ta ba ni labari. Ta ce ya miƙe ya ajiye rahoton a kan tebur bai buɗe ba, ya ba da labarin mutum ukun, ya ce littafin da ya dogara da shi ba abin dogaro ba ne, kuma laifin nasa ne, don shi ya tsara aikin yana zaune a ofis bai tambayi yadda mutane ke amsa kira ba. Ya hana a hukunta ma'aikacin. Wasu manyan sun yi murmushin wanda ya daɗe yana jiran wannan rana, wani ya ce an ɓarnatar da kuɗin gwamnati. Tafiyar da aka shirya masa zuwa ƙasar waje don gabatar da aikin ta rushe. Abin da ya roƙa shi ne mota da direba da lokaci, ya bi kowane suna har gida, ya ga mutum da idonsa, ya taɓa tabo da hannunsa, masu magani a gyara musu tun kafin a zo maganar hujja. An ba shi motar, da sharaɗin sai ruwa ya ɗauke. Malamar jinya ba ta jira ba, ta riga ta fara aika saƙo ta hannun masu duba gari.

Abin da har yanzu yake tsaya min a rai shi ne, a duk tafiyar nan ban haɗu da maƙaryaci ko ɗaya ba. Malam Haruna zumunci ya yi. Alhaji sadaka ya yi. Ma'aikacin kunyar manya ya ji. Nomau ya bar wa mabukata wuri. Kowannensu ya yi abin da iyayenmu suka koya mana, kuma da za a ba ni labarinsu ɗaya ɗaya da yaba musu zan yi. Amma da aka tara kyawawan halayen nan a littafi ɗaya, sai suka ba da shaidar da ta kusa sa a yanke hukunci a kan kawunan mutanen da ba su ma faɗi ba tukuna. Ni da aikina kullum shi ne in karanta wa jama'a abin da aka miƙo min a takarda, da murya mai tabbaci, na dawo ina duban kowace takarda ina tambayar kaina wa ya je ya gani.

Idan aka kawo naka gobe, Allah Ya kiyaye, ka tambayi wace hanya ta fi, amsar gaskiya ita ce ba a sani ba tukuna. Kuma mutumin da ya fi kowa son a ce huda ta fi, shi ne ya tashi a gaban manyansa ya faɗi haka.